Tsawon Rai a Magarya da Dungas: Yara Sun Tsira, Tsofaffi Fa?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Shirinmu na musamman a yau ya nufi kudancin jihar Damagaram, gundumomin Magarya da Dungas da ke bakin iyaka da Najeriya. Maganar tsawon rai za mu yi, da lafiyar dattawan da Allah ya ja kwanansu.

A 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna matsakaicin tsawon rai a ƙasar bai wuce shekara 35 da ɗan abin da ba a rasa ba. Yau ya haura 60. Duniya baki ɗaya ma haka ta tafi: daga kamar shekara 46 a 1950 zuwa sama da 70 yanzu.

Wani zai ce, ashe kakanninmu da sun cika 35 sai a fara haƙa musu kabari? A'a. Da can ma akwai masu furfura a kowace unguwa. Mutuwar ƙananan yara ce take jan lissafin ƙasa. Gidan da aka haifi goma, huɗu suka koma tun kafin su yi wayo, ko sauran shidan sun kai 70, in aka haɗa aka raba sai adadin ya faɗo. Wajejen 1990, kusan yaro ɗaya cikin uku a Nijar ba ya kai shekara biyar. A 1998, cikin yara 1000 ana rasa 226. Zuwa 2009 abin ya sauko 128. Allurar rigakafi, da gidan sauro, da ɗakunan shan magani na ƙauye, da dokar 2006 ta duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, su suka yi wannan aikin.

Mutanen Magarya ba sai an ba su labari ba. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki da asibitin garin, sashen yara. Kowace damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, uwaye suna kwararowa daga Bande da Wacha da Dan Ciyawo da Sasumburum, daga Dogo-Dogo da Malawa da Guci, goye da yara masu zazzaɓi da tamowa. A watan Agusta na 2018 abin ya yi muni har ƙungiyar ta bayyana cewa ana rasa yara kamar goma kowace rana a asibitin. Amma dubbai sun fita da ransu, kuma tun 2013 ake bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin damina. Ƙarin shekarun da ake yi wa Nijar kirari da su, mafi yawansu a irin wannan ɗaki aka same su, a kan gadon yaro ɗan wata goma sha takwas.

To, tsofaffin fa?

[Ɗan kiɗa]

Da farko ma, sanin shekarunsu aiki ne. Ka durƙusa gaban tsohuwa a wani ƙauyen Dungas ka ce, "Iya, shekarunki nawa?" Dariya za ta yi maka. Jikanta ne zai yi caraf ya ce ai ta fi ɗari. Ka bi ta a hankali, ka tambaye ta yaushe aka kai ta ɗakin miji, sai ta ce shekarar da soja suka kayar da shugaba Diori, ana cikin fari. To wannan 1974 ke nan, lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki. In a lokacin tana da shekara 15, yau ba ta cika 70 ba. Wata kuma za ta ce autanta a yunwar El Buhari ta haife shi, wato 1984, da Najeriya ta rufe iyaka ga shi hatsi ya ƙi. Da irin waɗannan alamomi ake lissafi, domin takardar da ke ƙulle a bakin zanenta alƙali ne ya yanka mata shekara da ka, aka rubuta an haife ta wajejen shekara kaza. Shi ya sa za ka tarar da rabin dattawan gari ranar 1 ga Janairu aka ce an haife su.

Kada mu ji kunya, ba mu kaɗai ba ne. A 2010 hukumomin Japan, ƙasar da ta fi kowa alfahari da tsofaffi, sun je gaida wani dattijo a Tokyo da rajista ta ce ya kai 111, suka tarar ya yi shekara wajen 30 da rasuwa, iyali suna ta karɓar fanshonsa. Da aka bincika, sai ga sunaye sama da 230,000 na masu shekara ɗari da ba a san inda suke ba. Wadda aka tabbatar da shekarunta da takardu, ta kuma fi kowa daɗewa, ita ce Jeanne Calment ta Faransa: an haife ta 1875, ta rasu 1997, tana da 122.

Ni a ganina, abin dubawa a labarin tsohuwar Dungas shi ne me ya sa mace mai shekara sittin da wani abu ta yi kama da mai ɗari. Haihuwa takwas ko goma, daka, surfe, jan guga, itace a ka, yunwa biyu ko uku manya. Jiki ya biya kuɗin wannan duka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana raba lissafi gida biyu: shekarun da mutum ya rayu, da shekarun da ya rayu da lafiya. A 2019, a duniya, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa shekara goma. Wato shekara goma na jinya, ko makanta, ko zaman ɗaka.

Mu ɗauki dattijo manomi da ya wayi gari kansa na sarawa, idonsa na ganin hazo. Ya hau amalanke zuwa likita. Jikarsa ƴar shekara uku doka ta ce kyauta za a duba ta; shi kuwa sai ya kwance bakin aljihu, tun daga kati har magani. Ba shi da fansho, domin asusun fansho na CNSS da CARENI na masu albashi ne, shi kuwa albashinsa damin gero. In aka auna aka ce hawan jini ne, maganin na kullum ne har ƙarshen rai, ba na kwana uku ba kamar na zazzaɓi. Ya sha na wata ɗaya, ya ji sauƙi, kuɗi suka ƙare, ya bari. Ranar kasuwa sai ya tsaya wajen mai tallan ƙwayoyi a faranti ya sayi na ciwon jiki, ja da fari, waɗanda in aka daɗe ana sha suke cin ciki su taɓa ƙoda. Bayan shekara biyu a ji ɓarin jikinsa ya shanye. Masu zuwa dubiya su ce, "Tsufa ne, sai haƙuri."

Wannan kalma ta "tsufa ne" ta rufe cututtuka da yawa masu magani. Yanar ido aiki ne na ƙasa da awa ɗaya a hannun likitan ido, mutum ya koma yana ganin hanyar masallaci da kansa. Amma daga Magarya zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 90 ne, ga kuɗin mota, ga na ɗan rakiya, sai a jira ayarin likitocin da ke zuwa jefi-jefi, ko a kai shi wurin mai sokin ido na gargajiya, wanda sau da yawa yake ƙarasa idon. Amodari, da ya daɗe yana addabar jihar nan, yana juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar. Shi ma ɗan ƙaramin aiki ne. Dattijon da fitsari ya ƙi fita yana ɓoyewa don kunya har sai mara ta kumbura. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana fita tsakar dare tana kiran waɗanda suka rasu, a wasu wuraren maimakon a ce ciwo ne sai a fara raɗe-raɗin maita. Wannan kam zalunci ne, kuma malamai da masu gari suna da bakin hana shi.

Sai zafi. A farkon Afrilu na 2024, ana cikin azumi, zafin da ya rufe Sahel ya kai maki 48 da rabi a Kayes ta ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura 60. Jikin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri. Addini ya yi masa rangwame ya ciyar maimakon azumi, amma kowa ya san dattijon da zai ce shi bai taɓa shan azumi ba, ba kuma zai fara yanzu ba. A nan ana bukatar liman ya yi magana, domin ta ɗa ba za ta shiga ba.

Gaskiya ne har yanzu gida shi ne asibitin tsoho a ƙasar Hausa, kuma samun wanda zai dama maka fura ya juya ka a shimfiɗa ba ƙaramar ni'ima ba ce. Sai dai gidan yana raguwa. Samari sun tafi ci-rani Kano, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Abin da ake aikowa daga kudu da naira, darajarsa ta zube. Sau da yawa kakar da ya kamata a yi wa hidima ita ce ke riƙe da jikoki biyar, kuma in tuwo ya yi kaɗan ita ce ke cewa ta ƙoshi.

Waɗanda suka haura 65 a Nijar ba su kai uku cikin ɗari ba, shi ya sa ba a jin muryarsu a kasafin kuɗi. Amma yaran da aka ceto a Magarya a 2005 za su cika 60 nan da 2065, kuma suna da yawan da ƙasar ba ta taɓa gani ba. Ma'aikatan sa-kai da ke shiga kowane gida da damina suna ba yara maganin zazzaɓi sun riga sun san ƙofar kowa. A ba su na'urar awon jini, a koya musu gane yanar ido da amodari, in sun gama da jika su juya su ce, "Baba, kawo hannunka."

Masu saurare, nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.