Sansani, Ribaɗi, Bariki da Hedkwata: Ma'anarsu da Yadda Ake Amfani da Su

1.0 Gabatarwa

Kowace runduna da ta fita yaƙi tana da wurin da shugabanta yake zama yana karɓar rahoto, yana bayar da umarni. Masu fassara sukan kira wannan wuri da duk sunan da ya zo musu baki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bambance kalmomi huɗu da ake cakuɗawa a nan.

2.0 Kalmomin Gargajiya

Sansani shi ne inda mayaƙa suke yada zango kusa da fagen fama. A nan sarkin yaƙi yake shawara da jarumawansa, kuma da an ƙare yaƙi sai a tashi. Ribaɗi kuwa, wanda aka aro daga Larabci, gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka domin tsaro na dindindin. Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ribaɗi ne. Ke nan, abin da ya raba su shi ne daɗewar zama.

3.0 Kalmomin Aro Daga Ingilishi

Bariki ya shigo ne tare da sojan Turawa, yana nufin mazaunin soja da iyalinsu. Daga baya ma'anarsa ta faɗaɗa, har aka sami “ɗan bariki” da “zaman bariki”. Ita kuwa hedkwata, wurin mulki take nufi, ba wurin kwana ba. Shi ya sa ƙaramar hukuma ma take da tata.

4.0 Inda Matsala Take

A 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci a mayar da cibiyar gudanar da yaƙi da Boko Haram daga Abuja zuwa Maiduguri. Wanda ya ce “an mayar da hedkwatar soja Maiduguri” ya sa mai sauraro ya zaci hedkwatar tsaro ta bar Abuja, alhali ba ta bari ba. Wanda ya ce “bariki” ko “sansani” kurum kuwa, ya zubar da ma'anar umarni.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, muna ganin “hedkwatar fagen fama” ta fi dacewa, domin ta haɗa ikon bayar da umarni da zaman wucin gadi. A bar wa ribaɗi tarihi, bariki kuma mazauni.