Horon Sojojin Ƙundumbala a Talabijin: Me Muke Kallo?

'Yan'uwa, ɗalibanmu suna yawan tambayarmu game da bidiyoyin da ke yawo a waya, inda ake ganin fararen hula suna shan horon soja har suna kuka.

Da yawansu an yanko su ne daga shirin SAS: Who Dares Wins, wanda tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara a 2015. Tsofaffin sojojin ƙundumbala ne ke gwada mahalarta da ɗaukar kaya masu nauyi, hana barci, ruwan sanyi da tambayoyin matsi. A 2023 tashar Fox ta Amurka ta kawo irinsa.

Amma mu lura, kwaikwayo ne na 'yan kwanaki. Likitoci na tsaye kusa, kuma wanda ya gaji sai ya miƙa lambarsa ya tafi gida. Zaɓen SAS na gaskiya watanni yake ɗauka, kuma a Yulin 2013 zafi ya yi ajalin sojoji uku a tsaunukan Brecon Beacons yayin gwajin.

Don haka muna jan hankalin matasa: kada a gwada wannan da tsakar rana don burge abokai. Jiki amana ne, kuma juriya a hankali ake gina ta.