Sankarar Hanta Ga Mai Matsalar Daskarewar Jini: Akwai Magani Ba Tare Da Babbar Tiyata Ba

Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Saboda haka wanda hantarsa ta daɗe tana ciwo, musamman sakamakon ciwon hanta nau'in B ko C, jininsa kan yi jinkirin tsayawa. Saifarsa kuma kan kumbura ta riƙe ƙwayoyin filatilet, waɗanda su ne ke fara toshe rauni. Akwai kuma masu cutar hemofiliya ta gado, waɗanda jikinsu ba ya samar da isasshen sinadarin daskarewa na 8 ko na 9. Idan sankara ta ɓulla a hantar irin waɗannan mutane, buɗe ciki yana da haɗari ƙwarai. Amma ba ita kaɗai ce mafita ba.

Hanyoyi biyu masu ƙaramin rauni

Ta farko ita ce ƙone ƙarin. Likita yana duban hoton na'ura, ya soka siririyar allura ta fata har cikin ƙarin, sannan ya kashe shi da zafi. Yayin zare allurar, akan ƙone hanyar da ta bi domin rage zubar jini. Wannan ya fi tasiri idan ƙarin bai wuce santimita 3 ba.

Ta biyu ita ce toshe jijiyar da ke ciyar da ƙarin. Ana zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har zuwa hanta, a zuba maganin sankara, a kuma datse hanyar jinin. Akan zaɓe ta idan ƙarin ya girma ko ya yi yawa.

Shiri kafin aiki

Ƙanƙantar rauni ba ta kawar da haɗari gaba ɗaya. Dole a auna jini tukuna. Mai hemofiliya ana yi masa allurar sinadarin da ya rasa kafin aikin da kuma bayansa. Wanda filatilet ɗinsa ya gaza 50,000 kuwa, sau da yawa akan yi masa ƙari.

Abin da ya rataya a wuyanka

Ka sanar da likita idan ka taɓa zubar da jini mai yawa bayan kaciya, cire haƙori ko haihuwa, ko akwai mai haka a dangi. Ka guji asfirin, ibuprofen da diclofenac sai da izininsa. Kada a yi maka tsaga ko ƙaho a ciki saboda kumburi.

Ana yin wannan aiki ne a manyan asibitoci ƙalilan. Idan za ka tsallaka iyaka neman magani, ka riƙe duk takardun gwaji da hotuna, na Faransanci ne ko na Ingilishi.

Bayan aiki, ka koma asibiti nan take idan ka ji matsanancin ciwon ciki ko jiri, ko ka ga baƙin bayan gida, ko wurin allurar ya kumbura.

Sankarar hanta ba ta cika nuna alama da wuri ba. Duk mai daɗaɗɗen ciwon hanta ya nemi shawarar likita game da hoton ciki kowane wata 6, domin ƙarin da aka gano yana ƙarami shi ne allura ke iya kashewa.