Sayen Keke na Hannu

A Mahuta da ƙauyukan yankin Funtua da Malumfashi, keke ne ke kai manomi gona, ya dawo da buhun masara. Shi ya sa aka fi neman masu ƙarfi irin Phoenix na ƙasar Sin da tsohon Raleigh na Ingila.

Girma ake fara dubawa: mai saye ya hau sirdi, idan feda ta sauka ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa. Sannan a duba ƙarfen jikinsa, domin sabon fenti kan ɓoye walda. A juya ƙafafun, a ja sarƙa, a matsa birki. Taya da tif sauƙin canzawa gare su.

Kafin a taya, a zagaya kasuwa a ji farashi. Kada a biya sai da shaidu, don gudun kayan sata.