Ruwan Danya da Ƴaƴan Daji a Teburin Arawa

Tun kafin mangwaro da lemo su cika kasuwannin Dogon Dutsi da Tibiri, mutanen Kieshe da sauran garuruwan Dallol Mawri daji ne ke ba su kayan marmari, kowane ɗan itace da lokacinsa. Magarya da kurna na zuwa da sanyin hunturu, aduwa ta raka rani, danya kuwa sai bazara ta yi tsanani, gab da faɗuwar damina, lokacin da rumbu ya fara nuna ƙasansa.

Danya ce ta fi ban sha'awa. Yara da mata kan tsinto ƴaƴan da suka faɗo suka yi rawaya a ƙasa, a ɓare fatar, a matse a ƙwarya da ruwa. Ruwan yana da zaƙi da tsami mai wartsake maƙogwaro, kuma yana tafiya da abinci mai nauyi: dambu, ko kwaɗon zogale da ƙuliƙuli. Wasu kan dama fura da shi idan nono ya yi wuya, domin a bazara shanu ba su da abin ba mutum. Sai dai ruwan danya ba ya jira. Idan ya kwana biyu cikin zafi sai ya fara kumfa, zaƙin ya koma barasa. Shi ya sa a gidan Musulmi ranar da aka matse ake shanyewa. Giyar da Azna, masu bin addinin gargajiya, ke yi don bukukuwan gargajiya da bori ta hatsi ce ko dawa, amma a kudancin Afirka wannan itace ɗaya, da suke kira marula, ƴaƴansa ake tsimawa a yi giyar gida, har wani kamfani ya fitar da giyar Amarula daga cikinsu.

Magarya hanyarta daban. Ana shanya ta, a daka a turmi, a tankaɗe, a yayyafa wa garin ruwa a dafa shi da tururi ya zama akuri, guzurin matafiyi da makiyayi, wanda ba ya neman komai sai ruwa ko nono. Tsamiya kuwa kowa ya san matsayinta: kunun tsamiya da ƙosai a buɗa-baki na azumi. Ɗinya ake dafawa a tace a yi maɗi mai duhu. Anza ba ta marmari ba ce; sai an jiƙa ƙwayarta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, kuma dattawan da suka ga yunwar 1984 ba sa raina ta.

Abin da ke damuna shi ne itatuwan. Icen danya yana da sauƙin sassaƙa, masassaƙa na son sa don turmi da akushi, awaki kuma na cinye ƙananan da suka tsiro. Manomin da ya bar tsiron danya ko magarya a gonarsa lokacin sassabe, ya kewaye shi da ƙaya, ya yi wa jikokinsa aiki babba.