Muzguna wa Ƙananan Ma'aikata a Ofisoshin Gwamnati

A watan Nuwamba na 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki. Sai dai sa hannu kaɗai ba ya taɓa tushen cutar, musamman a wuri irin Samaru, inda dubban gidaje suka dogara da albashin Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona da sauran hukumomin gwamnati.

Tushen shi ne yadda tsarin aiki ya danƙa wa mutum ɗaya wuƙa da nama. Shugaban sashe ne ke cike takardar tantance aikin shekara, wadda ƙarin girma ya rataya a kanta. Shi ke sa hannu a takardar hutu, shi ke ba da sunan wanda zai tafi kwas, shi ke rubuta takardar tuhuma. Sannan ƙa'idar aikin gwamnati ta ce koke ya bi ta hannun na gaba kafin ya kai sama. Ke nan masinja ko akawun da ake zagi a gaban jama'a, ogan da yake ƙara shi zai fara karanta ƙararsa. Zaman unguwa ɗaya ya ƙara ɗaure abin: oga maƙwabci ne, masallaci ko coci ɗaya, don haka maganar takan ƙare da “a yi haƙuri”. Ma'aikatan wucin gadi da mata su suka fi yin shiru.

Shirun kuwa jama'a ke biyan kuɗinsa. Wanda aka wulaƙanta yakan daina kawo shawara, fayil ya kwana a tebur, ƙwararre ya nemi sauyin wurin aiki.

Wasu shugabanni na cewa abin da suke yi tsawatarwa ce, domin makara da zuwa aiki a ga dama sun yi yawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙa'ida ta riga ta tanadi gargaɗi da tuhuma a rubuce, ba ta tanadi zagi ba.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana nan tun 1975, kuma gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata hurumin irin waɗannan ƙararraki. Dukkansu sun yi wa ƙaramin ma'aikaci nisa. Abin da zai yi aiki shi ne kowace hukuma ta kafa kwamitin da zai karɓi koke kai tsaye, da wakilan ƙungiyoyin ma'aikata irin NASU da SSANU a ciki, a kuma cire tantance aikin mai ƙara daga hannun wanda ake ƙara har a gama bincike.