TSIBIRIN DA JAKI YA FI MOTA DARAJA

'Yan uwa ɗalibai, dogon hutu ya matso. Da yawa daga cikinmu idan aka ce hutu, abin da muke tunani shi ne barci har rana ta take, ko kallon waya har dare ya raba. A wannan makon mun kawo muku labarin wani ƙaramin tsibiri a ƙasar Girka mai suna Idra, domin mu ga yadda mutane suke hutawa a can.

Girka tana kudu maso gabashin Turai, kuma tana da dubban tsibirai, amma waɗanda mutane suke zaune a kansu ɗari biyu da 'yan kai ne kawai. Idra yana cikinsu. Girmansa kusan murabba'in kilomita 50 ne, mazaunansa kuwa kimanin 2,000. Wato makarantar sakandare babba guda ɗaya za ta iya kai su yawa. Mai son zuwa yakan hau jirgin ruwa mai sauri daga tashar Fireyas da ke kusa da Atens, babban birnin ƙasar. Tafiyar ba ta cika wuce awa biyu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne doka ta hana yawo da mota da babur a tsibirin. 'Yan motocin da ake gani na aikin hukuma ne, kamar motar kwashe shara. An gina garin ne a jikin dutse, hanyoyinsa ƙanana ne kuma cike suke da matakala. Saboda haka jakuna da alfadarai ne suke ɗaukar kaya daga bakin tasha zuwa gidaje: akwatunan baƙi, buhunan siminti, har da firji. Jakin da muke rainawa a nan, a can shi ne babbar mota.

To, me baƙo zai yi a wuri irin wannan?

Na farko, zama a bakin tasha. Tashar jiragen ruwan Idra ta lanƙwasa kamar kofaton doki, gidajen dutse sun kewaye ta suna hawa sama. Mutum yakan samu kujera a gidan shan shayi ya zauna yana kallon jiragen masunta suna shigowa. Ba hon, ba hayaƙi. Abin da zai ji shi ne motsin ruwa da takun alfadarai. Garin kuma ya yi suna wajen yawan kyanwoyi, waɗanda sukan taru idan masunta sun dawo da kifi.

Na biyu, tafiya a ƙasa. Akwai hanya a gefen teku da take kai mutum ƙauyen masunta mai suna Kamini cikin kamar minti ashirin. Mai ƙarfin gwiwa kuma yana iya hawa dutse zuwa tsohon gidan ibada na Kiristoci da aka sa wa sunan Annabi Iliya. Hawan yakan ɗauki fiye da awa ɗaya. Daga nan ba nisa zuwa ƙololuwar Eros, wuri mafi tsayi a tsibirin, mai kusan mita 600. Da sassafe ake yin wannan tafiya, a riƙe gorar ruwa da malafa, domin ranar watannin Yuli da Agusta tana da zafi sosai.

Na uku, iyo. Idra ba shi da rairayi mai yawa. Yawancin bakin ruwansa tsakuwa ce da duwatsu. Kusa da gari akwai wani wuri da ake kira Sifiliya, inda aka kafa tsani a jikin dutse don masu shiga ruwa. Wurare masu nisa kuma ana zuwa ne da ƙananan jiragen haya da suke aiki kamar tasi. Amma a lura, ruwan gefen duwatsun yana da zurfi. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, kuma kada yaro ya shiga ba tare da babba ba.

Na huɗu, koyon tarihi. A shekarar 1821 Girkawa suka fara yaƙin neman 'yanci daga Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba. Attajiran Idra sun ba da jiragen kasuwancinsu da dukiyarsu domin yaƙin, kuma ɗan tsibirin mai suna Andireyas Miyawulis shi ne ya jagoranci rundunar ruwan. Har yau akwai igwa a bakin tasha, akwai gidan adana kayan tarihi, kuma gidan attajiri Lazaros Kunduriyotis ya zama wurin ziyara. A ƙarshen watan Yuni kowace shekara ana bikin tunawa da Miyawulis, inda ake ƙona wani jirgi a kan ruwa don nuna yadda aka yi yaƙin.

Na biyar, abinci. Ana cin gasasshen kifi da burodi, da haɗin tumatir da kokwamba da albasa da zaitun, a ɗora farin cuku a kai, a zuba man zaitun. Akwai kuma alewar da tsibirin ya shahara da ita, wadda ake yi da 'ya'yan itacen almon a barbaɗe ta da garin sukari. Idan baƙo ya ga tsiren da suke kira subulaki, ya tambaya kafin ya saya, domin sau da yawa na naman alade ne. Akwai na kaza.

Na shida, barcin rana. Girkawa suna da al'adar hutawa bayan cin abincin rana a lokacin zafi. Wasu kantuna sukan rufe, kuma ba a son hayaniya. Da yamma sai gari ya farfaɗo, mutane su fito kallon faɗuwar rana a kan teku.

Sai dai hutun baƙo yana iya zama wahalar mai gida. Sunan Idra ya samo asali ne daga kalmar ruwa a harshen Girkanci, amma ruwan sha ya yi ƙaranci a tsibirin. An daɗe ana kawo shi a jirgi, yanzu kuma ana tace ruwan teku a cire gishirinsa. Baƙon da ya bar famfo a buɗe ya ɓarnatar da abu mai tsada. Haka nan dabbobin nan suna gajiya, don haka bai dace a ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu a tsakar rana ba. Wuta ma babbar barazana ce. A watan Yuni na 2024 gobara ta ci wani ɓangare na dajin tsibirin, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan wasan tartsatsin wuta da aka yi daga wani jirgin shaƙatawa. Nishaɗin dare ɗaya ya ƙona itatuwan da suka ɗauki shekaru suna girma.

Mun lura cewa yawancin abubuwan da mutane suke biyan kuɗin Yuro masu yawa su je su yi a Idra su ne tafiya a ƙasa, hira, cin abinci a natse da kallon faɗuwar rana. Wanda zai je ƙauye wajen kakanninsa a wannan hutu zai samu kusan dukkansu kyauta, har da jakin. Idan kun dawo, ku rubuto mana abin da kuka yi, za mu manna a wannan allo.